Katakon Mai Lofe

Ranar Laraba ce, kwana huɗu bayan babbar Sallah, a shekarar da na cika goma sha ɗaya. Hantsi ya ɗaga, ina tsaye a saman falalen dutsen da ke bayan unguwarmu, ƙafafuna ɗaure a jikin wasu dogayen katakai biyu da robar tayar keke. Na shafe cikinsu da kitsen layya da na sato daga tukunyar Inna. A hannu ina riƙe da karan dawa biyu da na zaro daga dangar mutane. Yara suna ƙasa sun yi cirko-cirko suna kallo, sun bar awakinsu sun bazu cikin gonar gyaɗa. Iliya, ɗan mahaucin layinmu, ya ɗaga murya ya ce, "Sambo, in ka mutu ni zan gaji wandonka, ko da yake bayansa ya riga ka mutuwa." Na dogara karan na tura. Da farko babu abin da ya motsa. Sai kitsen ya ji zafin dutse. Iska ta cika mini riga, gonaki suka taso mini, na ji wani daɗin da ban sake jin irinsa ba har yau. Bai daɗe ba. Hancin katakon hagu ya shiga wata tsaga, na ji ƙara kamar an karya ƙashin saniya, na tashi sama na sauko da baki. Da na miƙe zaune haƙorina na gaba ya tafi, jini ya wanke mini ƙirji, hancin katakon kuma yana can gefe guda, tsawon kamu ɗaya.

Haƙorin bai dame ni ba. Katakon ba namu ba ne.

Mu Fulani ne da suka rasa shanu. Baffa, mahaifina, makiyayi ne tun tasowarsa, kuma yawancin garken da yake kora na mutane ne da suka ba shi riƙo. A al'adarsu, in saniyar wani ta mutu a hannunka ba ka aika da baki. Kana yanke kunnen da ke da tsagar shaidar mai ita, ka taka da ƙafarka ka kai masa, ka faɗi yadda aka yi, ka tsaya ka ji abin da zai ce. Shekarar da annoba ta shiga shanu ina ƙarami, amma na tuna warin buhun da Baffa ya saɓa a kafaɗa, cike da busassun kunnuwa. Ya yi kusan wata yana bin ƙauyuka, ƙofa-ƙofa. Da ya dawo buhun babu komai, garken ma babu komai. Muka tattara ƙorai da tabarmi muka shigo Bauchi, wani dattijo mai sayar da yadi ya ba mu ɗaki biyu a gidansa a Ƙofar Ran. Ba mu zo da dukiya ba. Abu guda Baffa ya shigo da shi birni, shi ne ba wanda zai ce ya ba shi ajiya ya ci.

Rayuwar gidan ba ta da wani ado. Inna da yayata, Adda Dije, suna dama fura suna sayarwa a zaure, da nonon da 'yan uwa suke kawo mana daga ruga. Ni aikina ɗebo ruwa daga rijiyar masallaci, yanko wa awaki ciyawa, da kai wa Baffa abinci wurin aiki. Boko ban shiga ba, allon ma ban yi nisa ba. In na sami sarari sai dutse. Ƙasan falalen na mata ne, nan suke shanyar tsaki da barkono da yankakkiyar kuɓewa. Saman namu ne. Muna zama a kan fasasshiyar jarka ko kwali ko murfin garwa mu sulalo har ƙasa, wanda ya kasa tsayawa ya faɗa cikin shanya, a bi shi da muciya. Babu yaron unguwar da wandonsa ke da baya. Iyaye mata sun gaji da faci har sun daina.

Baffa ya sami aikin gadi da ban ruwan furanni a Jiyare, unguwar Turawa da manyan ma'aikata, gidan wani Bature injiniya da ke aiki a kamfanin haɗa manyan motoci na bayan gari. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, muka sa masa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Dogo ne, mai jan wuya, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. In na kai abinci nakan leƙa falonsa ta taga. A bango akwai katakan nan biyu an gicciye su, kowanne ya fi Baffa tsawo, siraru, hancinsu a tanƙware sama, da maɗaurin fata a tsakiya. Ƙarƙashinsu wani babban hoto ne. Na fi wata ina kallon hoton ban gane ba. Na ɗauka garin rogo aka shanya a kan duwatsu.

Wata rana ya kama ni ina leƙe. Maimakon ya kore ni sai ya kira mu ciki, ni da Baffa. Ya nuna hoton da bakin lofe ya ce, "Wannan garina ce." Gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, waɗanda namu na Bauchi ba su kai gwiwarsu ba. Gidajen na katako ne, rufinsu a tsaye kamar hular da aka karya. Farin nan kuwa ƙanƙara ce mai laushi da ke zubowa daga sama ta rufe komai wata da watanni. Ya ce in ta sauka mutane na zuwa daga ƙasashe, su cika masaukai, a ɗauke su cikin wasu akwatuna da ke rataye a jikin waya a kai su ƙololuwa, su ɗaura katako a ƙafa su sulalo. In sun iso ƙasa su sake hawa. Da wannan garin yake ci.

Baffa ya daɗe yana duban hoton. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum da gemunsa ya hau dutse, ba akuyarsa ce ta ɓata ba, don dai ya gangaro?"

Mai Lofe ya yi dariya har da tari. Ya ce da can ba haka ba ne. Kafin baƙi su san garin, mutanensa makiyaya ne. In ƙanƙara ta narke ciyawa ta fito, su kora shanu sama da ƙararrawa a wuya, in sanyi ya kusa su sauko da su. Katakan nan na kakansa ne, shi ya sassaƙa su da hannunsa, da su yake bi ta kan ƙanƙara ya je rumbunan ciyawa ya ɗebo wa shanu abinci. Ya sauko da ɗaya ya nuna mana wani zane da aka ƙona da wuta kusa da hancin, shaidar gidansu. Baffa ya shafa zanen da babban yatsa. Daga ranar ya daina ce masa Bature. In zai ambace shi a gida sai ya ce "jikan makiyayin nan".

Baffa shanun ya riƙe a ransa. Ni gangarowar na riƙe.

Bayan damina biyu Mai Lofe ya kamu da ciwon da aka ce sai a ƙasarsu. Tafiyar ta zo da gaggawa. Ya miƙa wa Baffa rediyo da rigar ruwa, ya ce ya ba shi, ya shiga mota. Katakan suna bango, bai ce komai a kansu ba. Da aka ba wani babban ma'aikaci gidan, matarsa ta sa aka fitar da su tare da kwalabe da tsofaffin jaridu aka zuba a bayan katanga. Baffa ya ɗauko su ya saɓa, ya tako tun daga Jiyare har Ƙofar Ran, yara na binsa. Inna ta ce a gyara mata gado da su. Kafintan layinmu ya zo ya ƙwanƙwasa, ya ce bai taɓa ganin icce mai kyan wannan ba. Baffa ya ce, "Rediyo ya ce ya ba ni. Riga ya ce ya ba ni. Wannan bai ce ba." Ya naɗe su da tsohuwar tabarma ya soke a jikin azarar ɗakinsa. Duk ranar Juma'a yakan sauko da su ya shafa musu man shanu, ya mayar. Ba wanda ya ba shi wannan ajiya. Shi ya ba kansa.

Su na sato ranar Larabar nan, bayan ya fita sabon wurin gadinsa.

Adda Dije ce ta zo ta ɗauke ni daga gindin dutse, yara sun kai mata labari. Ta wanke mini baki da ruwan gishiri, ta dubi guntun katakon, ta dube ni. Ta ce, "Da ƙafarka ka karya da ya fi mana sauƙi." Ta ce mu mayar cikin tabarma mu yi shiru. Na ce Juma'a jibi ce. 

Da la'asar Baffa ya dawo. Na ajiye su a gabansa a tsakar gida, mai lafiyar da karyayyen da guntun, na durƙusa ina jiran sanda.  Bai taɓa ni ba. Ya tambaye ni a ina, na faɗa. Ya tambaya ko wani ya sa ni, na ce a'a. Ya ɗauki guntun yana juyawa, sai ga zanen wutar nan a jikinsa, karayar ta bi ta ƙasansa ba ta taɓa shi ba. Ya ce, "To. Kunnen ya fita da shaidarsa." Ya miƙo mini. "Gobe kai za ka riƙe. A hannunka ta mutu."

Inna ta ce, "Malam, mutumin nan yana bayan teku. Ina za ka kai masa?"

Ya ce, "'Yan ƙasarsu suna kamfani. Wani zai je gida."

Da sassafe muka fita a ƙasa. Tafiya ce mai nisa, bakina a kumbure, guntun yana naɗe cikin farin ƙyalle a hammatata. Baffa ya sa rigarsa ta Sallah. A ƙofar kamfanin mai gadin ya san shi, ya ce, "Bafillace, yau kuma nono aka kawo wa injin?" Baffa ya ce, "Wanda kuka sha jiya ma bai sa kun yi hankali ba." Suka gaisa, ya ba mu benci a gindin dalbejiya. Muka zauna har rana ta take tsaka. Can wani matashin Bature ya fito a mota, da wani malamin ofis a gefensa. Mai gadi ya tsayar da su.

Baffa ya cire takalmi ya matsa. Ya yi bayani tun daga farko, a tsanake, yadda na ji Inna ta ce yakan yi a ƙofar masu shanu. Ya faɗi yadda katakan suka zo hannunsa, da yadda ya riƙe su, da ranar da abin ya faru. Sannan ya sa ni na faɗi nawa da bakina, da wawulona. Ya ce a gaya wa jikan makiyayi ɗaya tana nan lafiya, ɗaya ta karye, ga shaida, duk abin da ya yanke mun ɗauka. Malamin ofis yana danne dariya. Maganar da Baffa ya yi mai tsawo, shi ya juya ta cikin kalmomin da ba su fi yatsun hannu ba. Baturen ya karɓi guntun, ya juya shi, ya dubi bakina, ya dubi agogonsa. Malamin ya ce, "Ya ce ya san yankin, zai je hutu ƙarshen shekara, zai kai." Aka jefa guntun a kujerar baya, mota ta wuce.

A hanyar dawowa Baffa ya yi sauƙi kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya yanko mini rake a wurin wani abokinsa, ya manta ba ni da abin gatsa. Har na ji yana kiran sunayen shanunsa a hankali, irin kiran da yake musu da yamma. Rabon da in ji haka tun muna ruga.

Kwana takwas bayan nan na koma wajen kamfanin, ba da saninsa ba. A bayan katangarsu akwai bola inda muke samun kwali mai kauri na zamiya. Ina tona da sanda sai na ga farin ƙyallen Inna, ya sha baƙin mai. Guntun yana ƙarƙashinsa, tsakanin gwangwanaye da ɓawon lemo. Bai wuce bayan katangar kamfanin ba.

Na sa shi cikin riga. Ban nufi gida ba, na hau dutse na zauna a inuwar wani ƙaton dutse da ya jingina da falalen. Na yi ta tunani har inuwar ta juya. In na kai wa Baffa, na san abin da zai yi. Zai sake sa rigar Sallah, ya sake takawa, ya sake cire takalmi a gaban mutumin da ke duban agogo, malamin ofis ya sake dariya. In an sake zubarwa ya sake komawa. Ba zai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Zai gane cewa abin da ya ɗauka da nauyi, wanda shi kaɗai ya rage masa, a wurin mutanen nan shara ne. In kuma na yi shiru, na ci amanar mutumin da bai taɓa cin ta kowa ba, kuma sau biyu ke nan cikin wata guda. Shekarata goma sha ɗaya. Babu wanda zan tambaya. Akwai wani rami a ƙarƙashin dutsen inda ƙadangaru ke shiga, mai zurfin da hannu ba ya kaiwa. Na tura guntun da sanda har na daina jin sa. Na sauko na yanki ciyawa na tafi gida.

Baffa ya riƙa zuwa wurin mai gadin yana tambaya. Aka ce Baturen ya tafi hutu. Aka ce ya dawo. Aka ce an sauya masa wurin aiki. Ba saƙo. Duk lokacin da ya dawo daga tambayar nan sai in tsame hannu daga tuwo in fita. Wata Juma'a yana shafa wa katakan mai, mai lafiyar da mara hancin duka, sai ya ce da ni, "Sambo, na kai wa mutane kunnuwa da yawa. Wani ya zage ni, wani ya yi kuka. Amma wanda ya karɓa ya yi shiru, wannan ya yafe ne, yana jin nauyin ya faɗa. Jikan makiyayi ya gani. Ka saki ranka." Ya ɗauka damuwar karya katakon ce ke cin raina. Na ce to.

Damina huɗu ya ƙara a duniya. Ya rasu da hantsi, a ɗakinsa, hankalinsa kwance. Na tsaya a kansa ina iya faɗa, ban faɗa ba.

Bayansa rayuwa ba ta yi mana da sauƙi ba. Na yi dako a kasuwar Muda Lawal har bayana ya ƙi, na yi turin baro, na yi haƙar rijiya ƙasa ta rufta da ni aka zaro ni. Shekarar da ruwa ya rushe ɗakin Baffa muka tono tabarmar, muka tarar gara ta gama da katakan, sai maɗaurin fata. Gara ba ta san ajiya ba. Daga baya na kama fasa dutse, shi nake yi har ƙarfi ya fara ƙarewa. Da gari ya faɗaɗa aka sayar da falalen namu ga masu tsakuwa, ina cikin waɗanda aka ɗauka. Mu ƙona taya a kansa har ya tsage, mu bi da guduma. Inda na sulalo ni na fasa shi da hannuna, ban ji komai ba. Gefen ramin ƙadangarun ne na yi ta kaucewa, kullum in ce wa shugaban aiki dutsen wurin ba shi da kyau. Wata rana na yi zazzaɓi na kwana biyu, da na dawo wasu sun gama da shi. Ban tambayi kowa ko ya ga wani abu ba.

Yanzu gidaje ne a wurin, da shagon cajin waya, da keke-napep suna juyawa. Yaran unguwar wandunansu lafiya lau, ba su da inda za su yage su. Kwanakin baya 'yata ta nuna mini irin garuruwan nan a wayarta. Suna nan da yawa, duk kamarsu ɗaya. Fitilu, manyan masaukai, mutane cikin kaya masu launi suna sulalowa a kan abin da ba katako ba ne, akwatunan waya suna ta hawa da sauka. Ta ce wanne ne na Mai Lofe. Ban sani ba. Na ce ta nemo mini inda shanu suke, ta daɗe tana nema kafin ta samu, su ma an yi musu ado da furanni baƙi na ɗaukar su hoto. Na yi tunanin ko can ma akwai wani tsoho da ya san abin da ake yi in dabbar wani ta mutu a hannunka, ko kuwa duk sun tafi kamar namu.

Na girmi Baffa yanzu. Na sha zama ina auna abin da na yi a kan dutsen nan, wata rana in ga ƙarya ce kawai, wata rana in ga ba haka ba. Allah ne zai raba. Ban taɓa kora garke ba, ban gaji ko ɗan maraƙi ba. Abu ɗaya aka taɓa bar mini riƙo, kwanciyar ran wani tsoho, kuma ba ta mutu a hannuna ba.